Muhawara: Shin daga sama zinariyar Johannesburg ta faɗo?

Ɗan kasuwa: Assalamu alaikum. Wani abokin cinikina ya dage cewa zinariyar Afirka ta Kudu daga sama ta faɗo, domin kimanin kilomita 120 kudu maso yamma da Johannesburg akwai Vredefort, inda wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya daki ƙasa. Da na duba taswira sai na ga garuruwan haƙar zinariya, irin su Welkom da Klerksdorp da Carletonville, sun yi wa wurin ƙawanya kamar jinjirin wata. Ashe ba hujja ba ce?

Malamin kimiyyar ƙasa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe wannan magana. Dutsen ya faɗo ne shekaru miliyan 2,023 da suka wuce, alhali duwatsun Witwatersrand masu ɗauke da zinariyar sun girme shi da fiye da shekaru miliyan 600, kuma asalinsu tsakuwa ce da yashi waɗanda tsofaffin koguna suka jibge har suka daskare. Baƙon da ya iso ya tarar da hatsi a rumbu ba shi ya noma shi ba.

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, ina ganin an yi gaggawar sallamar abokin Alhaji. Bai kawo zinariyar ba, na yarda, amma masana da dama suna cewa bugun ya lotsa shimfiɗun duwatsun, ya nutsar da su can ƙasa, sa'annan ya karkatar da gefensu ya leƙo waje a yankin Johannesburg, inda aka gano zinariyar a 1886. Zaizaya ta cinye duwatsu masu kaurin kilomitoci da dama daga saman yankin, shi ya sa yau babu ramin da bugun ya haƙa, sai tsaunuka da Kogin Vaal ya ratsa kusa da garin Parys. Abin da bai nutse ba ai da tuni ruwa ya tafi da shi.

Malamin kimiyyar ƙasa: Kin kawo magana mai nauyi, sai dai kada ki manta da narkakken dutsen Ventersdorp, wanda ya malala ya lulluɓe duwatsun da ke ɗauke da zinariyar kimanin shekaru miliyan 2,700 da suka wuce. Marfi ya riga ya hau tukunyar tun kafin bugun.

Ɗan kasuwa: To, idan ramin ma ya shafe, wa ya tabbatar ba aman wuta ba ne?

Ɗaliba: An daɗe ana wannan jayayya, Alhaji. A 1961 masanin kimiyyar ƙasa Robert Dietz ya kafa hujjar bugun da duwatsun wurin masu tsagogi kamar jelar doki, a 1978 kuma aka samu stishovite a can, ma'adinin da aman wuta ba ya iya samar da matsin da yake buƙata. Amma Malam bai faɗa mana abin da ya karkatar da shimfiɗun ba, ina jira.