Lokacin da naira ta faɗi: wa ya tsaya, wa ya karye a layinku?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan kasuwa. Tun da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, jim kaɗan bayan cire tallafin mai, dalar da muke saye wajen naira 750 a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ta yi ta hawa har ta doshi 1,900 a Fabrairun 2024. Abu ɗaya ya same mu duka, amma a layinmu na Kantin Kwari, kasuwar yadi ta Kano, wasu sun rufe shago, wasu sun buɗe na biyu. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da "an ce".

Tsohon yaron shago: Wa alaikumus salam. Maigidana bai yi boko ba, amma bai taɓa lissafa jarinsa da naira ba, da dila yake lissafawa. Kullum kafin mu buɗe sai ya kira 'yan canji ya ji yadda aka tashi, sannan ya sa farashin da zai iya sake saro irin kayan da shi. Maƙwabcinmu kuwa kuɗin da ya saro yake dubawa, ya ɗora 'yar riba, ya sayar. Shagonsa cike da mutane, kowa na yabonsa da sauƙi, shi ma yana ganin ciniki ya buɗe. Sai da ya koma sari ya tarar kuɗin dila goma ba su sayen bakwai. Haka kantar ta yi ta raguwa, ba wanda ya sace masa ko yadi ɗaya. Abin da ya fi ba ni tausayi, har yau cewa yake hannu aka sa masa.

Hajiya mai kayan ɗaki: Ɗana, ka manta da bashi. Mu masu sana'a a cikin gida shi ya kashe mu. Ki ba mace kaya ta biya a wata uku, ranar da ta cika miki kuɗin ba sa sayen abin da ta ɗauka. Waɗanda suka tsira a cikinmu su ne suka iya cewa a'a, ko ga dangin miji. Ni sai da aka daina gaishe ni a gidan biki, amma ga ni ina sana'ata.

Mai shago a kasuwar Singa ta Kano: Ban yarda duka wayo ba ne. Akwai waɗanda suka ga dala na gudu, suka ci bashi suka cika sito lokacin da dala take naira 1,800. Zuwa Afrilu ta sauko kusan 1,100, kaya suka kwanta musu. Su ma fa kullum suna kiran 'yan canji. Arziki na Allah ne.

Tsohon yaron shago: Na Allah ne, Alhaji, ba musu. Amma maigidana bai sayi ko dila ɗaya da kuɗin wani ba a lokacin. Abin da ya fita shi yake mayarwa. Waɗancan caca suka yi.

Daga Maraɗi: Mu nan labarin daban. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. Sefa ta yi ƙarfi a kan naira, kayan Kano suka yi mana arha, hanya ce babu. Wanda ya riƙe amanar abokin cinikinsa na Kwari, ya biya tsohon bashi duk da ba mai iya zuwa ya kama shi, shi aka fara ɗora wa kaya da hanya ta samu. Masu kashe waya har yanzu kuɗi hannu ake sayar musu.

Ɗan Kwari: Hajiya, tambaya. Yanzu kin daina ba da bashin gaba ɗaya ne?

Hajiya mai kayan ɗaki: Ina bayarwa, Alhaji. Rabi a hannu, saura wata ɗaya, kuma a rubuce a gaban mijin mai sayen.