Ƙungiyar lauyoyi ta 'yan Kudu ce?

Malamin makaranta, Gwammaja: Jiya a majalisa wani ya ce NBA, ƙungiyar lauyoyin Najeriya, ta 'yan Kudu ce, lauyoyinmu 'yan rakiya ne kawai. Ni dai na yarda da shi. Ku tuna 2020, da suka gayyaci El-Rufa'i taronsu na shekara, sannan suka janye gayyatar saboda ƙorafi kan kashe-kashen Kudancin Kaduna. Har wasu lauyoyin Arewa suka ce za su kafa tasu.

Barista, Zoo Road: Malam, ina tasun take yau? A.B. Mahmoud, tsohon kwamishinan shari'a na Kano, shi ya shugabanci NBA daga 2016 zuwa 2018. Yakubu Maikyau ɗan Kebbi ya hau a 2022. Wane ɗan rakiya ake ba kujerar maigida?

Malamin makaranta: Karɓa-karɓa ce ta ba su, Barista.

Barista: To wa ya yarda da karɓa-karɓar? Ba su 'yan Kudun ba?

Tsohon magatakardan kotu, Yakasai: 'Ya'yana, ku bi a hankali. Sapara Williams, ɗan Kudu kuma lauyan Najeriya na farko, ya zama lauya a Ingila a 1879, shekara 24 kafin Turawa su ci Kano. Mu kuwa alƙalai muke horarwa, makarantar shari'ar da aka buɗe nan Kano a 1934 ita ce ta koma SAS, makarantar nazarin Larabci. Lauya ma ba ya tsayawa gaban alƙali a lokacin. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Lauya, Tarauni: Baba ya gama magana kan tarihi, amma ni tsagin da nake gani na manya da ƙanana ne. Kafin ƙarshen Maris sai na biya kuɗin aiki na shekara, na nemi hatimin da ake liƙa wa takardu, ko shari'a ɗaya ban samu ba. Ga hular gashi da baƙar riga a leda, ina cikin adaidaita daga kotun Nomansland zuwa ta sakatariyar Audu Bako cikin zafin bazara. Taron shekarar da kuke faɗa a kai, ban taɓa samun kuɗin zuwa ba. Mace ta farko da ta shugabanci NBA, Priscilla Kuye, ita ma rikicin taron Fatakwal na 1992 ya biyo baya, aka zauna ba shugaba har 1998.

Malamin makaranta: Ranki ya daɗe, na ji. Amma batun El-Rufa'i har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.

Barista: Mahmoud fa, ka ba ni tawa?