Waye a cikinku ya taɓa cin karo da bamsitok ko suwic a Amurka? Ku ba mu labari

Mai buɗe zance, daga Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah ina son waɗanda suka daɗe a ƙasar nan su faɗa mana abin da suka gani da idonsu, ba ji-ta-ji-ta ba. Shekarata 6 a Houston, girin kad gare ni, wato takardar izinin zama na dindindin, aikin dare nake yi a wani sito. Makon jiya abokin aikina, Bature ne ɗan asalin Texas kuma mutumin kirki wlh, ya buɗe but ɗin motarsa ya nuna min wata baƙar roba kamar gindin bindiga, ya ce sunanta bamsitok, wai idan ka cire gindin doguwar bindigar nan AR-15 ka ɗaura wannan sai ta dinga ɓarin wuta kamar mai jigida. Ya ce biyu gare shi, zai sayar min da ɗaya da araha tunda kotun ƙoli ta halatta. Ni ko bindigar ban saya ba tukun, ina dai tunani ne saboda sau biyu ana fasa min mota a ƙofar gida kuma iyali su kaɗai suke kwana. Amma jikina bai ba ni ba. Shin da gaske an halatta? Kuma mu da ba 'yan ƙasa ba fa?

Direban tasi, Las Vegas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da na ga sunan abin nan sai da na ajiye waya na ɗan zauna shiru kafin in iya rubutu. Daren Lahadi 1 ga Oktoba 2017 ina kan aiki, na sauke fasinja kenan kusa da titin Tropicana wajen ƙarfe 10 da 'yan mintuna, sai na ji tatatatata ba tsayawa, na ɗauka banga ce ta wajen bikin waƙar da ake yi, don mutum kusan 22,000 ne a filin. Sai ya tsaya kaɗan ya sake dasawa. Ban gane ba sai da na ga mutane suna kwararowa kan titi babu takalma, wasu jini har gwiwa. Wata mata ta buɗe ƙofar baya ba tare da ta tambaye ni ba ta tura ƙawarta ciki, wasu maza biyu suka faɗo a kansu, kowa ihu yake asibiti asibiti. Na kai su Sunrise ina tuƙi ina salati, hannuna na rawa a kan sitiyari, wadda aka harba ɗin tana ta kiran sunan ɗanta. Har yau ban san ko ta rayu ba. Kujerar baya sai canza ta aka yi gaba ɗaya, wanki bai fitar da jinin ba.

Mutum ɗaya ne fa ya yi wannan, daga hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay, harsashi sama da 1,000 cikin kamar minti 10, kuma bindigogin da ya yi ta ɓarin da su wannan robar da ake son sayar maka ce a jikinsu. Mutum 58 suka mutu a lokacin, daga baya biyu cikin masu rauni suka cika ya zama 60, ɗaruruwa suka jikkata. Mu nan Nevada jiha ta haramta shi tun 2019 kuma hukuncin kotun ƙoli bai taɓa wannan dokar ba. Ni dai ko kyauta aka ba ni ba zai kwana a gidana ba.

Mai gadi, Dallas:
Allah ya jiƙan musulmin da ke ciki, ya ba ka lada Yaya, wannan dare ba ƙaramin abu ka gani ba. Ni ɗan ƙasa ne yanzu, ina da bindiga biyu a bisa doka kuma ba na jin kunyar faɗa, don an taɓa ɗora min bakin fistol a goshi lokacin da nake tsaron shagon gidan mai. To bari in warware maka yadda maganar take malam mai tambaya.

Dokar tarayya ta 1934 ita ta fassara mece ce mashinga: bindigar da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya da motsin kunama guda. A 1986 aka rufe ƙofa, farar hula ba zai mallaki wadda aka ƙera bayan watan Mayun shekarar ba, shi ya sa tsofaffin da suka rage masu rajista kuɗinsu ya kai dubban daloli masu yawa. Bayan abin Las Vegas, gwamnatin Trump ta sa ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ta ce bamsitok ma mashinga ne, dokar ta fara aiki Maris 2019, aka ce kowa ya lalata nasa ko ya miƙa. Wani mai shagon bindiga a Austin, Michael Cargill, ya miƙa nasa biyu sannan ya kai ƙara. Ranar 14 ga Yuni 2024 kotun ƙoli ta ba shi gaskiya, alƙalai 6 da 3, Clarence Thomas ya rubuta hukuncin. Hujjarsu ita ce kunamar tana komawa ta sake motsi ga kowane harsashi, don haka bai shiga fassarar 1934 ba, ATF ta wuce gona da iri, in ana son hani sai majalisa ta yi doka.

Na gwada shi sau ɗaya a filin koyon harbi bayan hukuncin. Yatsanka yana zaune wuri ɗaya a kan wani ɗan tudu, ɗaya hannun yana tura bindigar gaba, duk harbi sai ta ja baya ta dawo ta bugi yatsan da kanta. Gidan harsashi mai cin 30 ya ƙare kafin in ƙirga huɗu, da na je duba takardar da nake auna rabin harsashin ma bai same ta ba, bakin bindigar sai sama yake yi. Ka ce tsaron iyali kake nema, wannan abin ba na tsaron gida ba ne sam, bangon gidajen nan katako ne da allo, harsashi zai ratsa ya shiga ɗakin 'ya'yanka ko na maƙwabci.

Wata uwa, Bronx:
Ɗana ka saurare ni da kyau. Ni ban san bamsitok ba amma na san ƙanensa, wanda yara ke kira suwic. Ɗan ƙaramin ƙarfe ne ko roba bai fi kan babban yatsa ba, ana maƙala shi a bayan fistol ɗin Glock sai ta dinga ɓarin wuta kamar mai jigida. Ɗan maƙwabciyata, 'yar Zangon Kumasi ce tare muke zuwa masallaci, yaro ɗan shekara 20 da girin kad ɗinsa yana makaranta yana aikin kai saƙo, abokinsa ya ba shi ajiya a cikin safa. Ba bindiga a ɗakin fa, ƙarfen kawai. Ranar da jami'an tsaro suka zo kama shi da asuba ina jin bugun ƙofar daga ɗakina, na fito da zani ɗaya na tarar da uwar zaune a matakala ta ɗora hannu a ka. Ni na raka ta wajen lauya don Turancinta bai da ƙarfi, ya ce mana a dokar tarayya wannan ɗan ƙarfen shi kansa mashinga ne ko ba a ɗaura shi a komai ba, hukuncinsa yana kaiwa shekara 10, kuma laifin bindiga yana cikin abubuwan da ake korar mai girin kad a kansu. Yaron da aka kawo Amurka yana ɗan shekara 4, ko hanyar gidan kakarsa bai sani ba. Har yanzu ana shari'a, uwar ta rame ta zama kamar ba ita ba, adashinta duka ya tafi wajen lauyoyi biyu, na laifi daban na shige da fice daban. Yaranmu suna jin an ce kotu ta halatta sai su ɗauka duka ne, wlh ba duka ba ne, suwic bai taɓa halatta ba.

Ma'aikaciyar jinya, Chicago:
Hajiya gaskiya kika faɗa. Ni a ɓangaren gaggawa nake aikin dare shekara 9 kenan. Da ana kawo mana yaro da harbi ɗaya ko biyu, mu yi ta fama ya tashi. Yanzu sai a kawo shi kana ƙirga ramuka kana rasa lissafi, kuma ba shi kaɗai ba, da wadda ke jiran bas da wanda ke zaune a barandarsa, don mai harbin ma ba ya iya riƙe fistol ɗin idan ta fara. ATF da kanta ta ce tsakanin 2017 da 2021 an kama irin waɗannan na'urori sama da 5,400, alhali shekara biyar kafin nan ba su kai 1,000 ba. Ni abin da ke min ciwo shi ne alƙalai suna can suna muhawara kan sau nawa kunama ta motsa, mu kuma muna nan muna neman jini leda bayan leda.

Mai gadi, Dallas:
'Yar'uwa na ji zafinki kuma ban musa ba. Amma a yi wa kotun adalci, aikinta karanta abin da aka rubuta ne. Alƙali Alito ma da ya goyi bayan hukuncin ya faɗa ƙarara cewa majalisa za ta iya gyara dokar. Su ne suka ƙi yi. A can ya kamata a matsa.

Direban tirela, Greensboro:
Salamu alaikum. Ni mutumen Maraɗi ne, shekara 14 ina jan tirela, babu kusurwar ƙasar ga da ban taka ba. Abin da nika son ka gane ɗan'uwa, Amurka ba doka guda ba ce, kowace jiha da tata. Makamin da kaka ɗauka a Texas ba ko lasisi tun Satumba 2021, in ka shiga da shi New York ko New Jersey ɗaurarre ne kai. Bamsitok ɗin ma haka, tarayya ta sake shi amma California da New York da Massachusetts da Maryland sun hana, har Florida da mutane ke ganin ta masu bindiga ce ta hana shi tun 2018 bayan harbin makarantar Parkland. Wani abokin tuƙina an tsai da shi wajen awon nauyi, ɗan sanda ya tambai ko akwai makami, ya amsa da gaskiya don shi a tunaninshi takardunshi sun cika, to takardun jiharsu ne ba na inda yake tsaye ba. Ya kwana uku a tsare, kamfani ya sallame shi, kaya suka kwana bakin hanya. Tun ran nan ni ko wuƙa mai tsawo ba ni ajewa cikin mota.

Ɗalibi, Ohio:
Ni tawa ƙarama ce amma ta kusa zama babba. Bizar karatu gare ni, abokan ajinmu suka ce mu je filin harbi ranar Asabar a yi nishaɗi. Da muka isa mai wurin ya karɓi fasfo ɗina ya juya shi ya ce ina lasisin farauta, na ce ba ni da shi, ya ce to ko taɓa bindiga ba zan yi a wurinsa ba. A lokacin na ji haushi, na zauna a mota awa biyu ina ganin wariya ce. Da na koma na bincika sai na ga ashe taimakona ya yi, mai bizar karatu ko ta ziyara doka ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai da 'yan togaciya kamar lasisin farauta. Akwai wani ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka ɗaure a Florida bayan ya je filin harbi alhali an sallame shi daga makaranta bizarsa ta faɗi, shari'arsa har kotun ƙoli ta je a 2019. Masu girin kad su an yarda su saya, a cike fom 4473 a shago a binciki sunanka, amma mu ɗalibai mu yi nesa.

Mai buɗe zance, daga Houston:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya na Las Vegas, na karanta naka sau uku, matata ma na karanta mata ta yi ta hawaye. Jiya da dare na faɗa wa abokin aikin nawa ba na so, bai ji haushi ba ya mayar but ya rufe. Maganar fistol ta gida kuma na dakata sai na zauna da lauyan shige da fice tukun, don takardar zama ɗan ƙasa nake shirin cikewa baɗi kuma ba na son komai ya shiga tsakani. Na sa kyamara da fitila mai kunna kanta a ƙofa kafin nan. Hajiya ta Bronx, dan Allah ki tambayi maƙwabciyarki ko za ta yarda a yi mata karo-karo na kuɗin lauya, mu nan muna da mutum kusan 20 da ke haɗuwa bayan Juma'a, zan kai maganar wannan satin in sha Allah, ki turo min saƙo ta gefe.