Neman kalmar Hausa: ƙwaron da ɗansa ke kwana ƙarƙashin dutsen rafi

1/ Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da ilimin halittu a wani lise, wato makarantar sakandare, nan Maradi, kuma na yi wa ɗalibaina alkawari cewa duk ƙwaron da muka karanta da Faransanci sai mun nemo sunansa na Hausa. Mazari bai ba mu wahala ba, haka fara da gyare da shinge. Makon jiya muka iso kan wanda littafinmu ke kira perle, masana su ce Plecoptera, masu Ingilishi kuma stonefly. Nan muka tsaya cak.

2/ Ga kamarsa. Jiki a shimfiɗe, mai taushi, ƙaho biyu dogaye kamar zare, jela biyu a baya. Fukafukansa huɗu ne, in ya sauka sai ya kwantar da su a gadon baya, ɗaya kan ɗaya, na ƙasan a ninke. Sunan Plecoptera ma daga Girkanci yake, saƙa da fiffike. An san iri sama da 3,500 a duniya. Ɗansa a cikin ruwa yake rayuwa, shekara 1 zuwa 3 galibi, manne a ƙasan duwatsu inda ruwa ke gudu da sanyi da wadatar iska. Da ruwa ya gurɓace yana cikin na farkon ɓacewa, shi ya sa masu auna lafiyar koguna ke ɗaga dutse su neme shi.

3/ Ban yi mamakin rashin sunansa a bakinmu ba. Gulbin Maradi da damina yake kawo ruwa, da rani ya koma rairayi, tafkin Madarumfa kuwa ruwansa a kwance yake. Abin da ido bai saba gani ba, baki ba ya raɗa masa suna.

4/ Yara sun fara da "ƙudan dutse", na ce a'a, kuma har yanzu ina nan a kan bakana. Ƙuda fiffike biyu gare shi, wannan huɗu. Ɗan ƙuda tsutsa ne, wannan kuwa ɗansa kamar uwarsa yake fitowa, da ƙafa shida, fiffike kawai ya rage. In muka ce ƙuda, mun koya wa yaro kuskure tun daga suna, sai mu ɓata awa guda muna warware abin da muka ƙulla da kanmu. Fassara perle kuma ta kai mu ga lu'ulu'u, wanda ba ruwansa da zancen. Wata yarinya ta ce "kyankyason ruwa", ganin jikin a shimfiɗe. Ta yi lura mai kyau, amma wa zai yarda cewa ganin kyankyaso a ruwa alamar tsabta ce?

5/ Na kai maganar wurin tsohon malamina da ya yi ritaya. Ya daɗe yana duban hoton, ya ce, "Ɗana, ku ce jela-biyu mana." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, gyare ma jela biyu gare shi." Ya yi murmushi ya ce, "To ka dubi aikinsa, kada ka dubi jikinsa. Bahaushe da aiki yake raɗa suna: maƙale-mata, malam-buɗe-littafi." Kafin in miƙe muka tsaya a kan MAƘALE-DUTSE. Shi ne kuma ya tuna mini da ɗango, sunan 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba. Wallahi na ji daɗin wannan fiye da komai, domin girman maƙale-dutse irin na fara ne, saɓa bayan saɓa har fiffike ya fito. Ke nan na cikin ruwa ɗangon maƙale-dutse ne, ba tsutsa ba.

6/ Na san za a ce ba shi kaɗai ke maƙale dutse ba. Gaskiya ne. Akwai maƙwabcinsa da Faransanci ke kira éphémère, muka sa masa kwana-ɗaya saboda gajartar ran babbansa. Ɗangon kwana-ɗaya yawanci jela uku gare shi, ƙumba ɗaya a kowace ƙafa, da abin shaƙar iska jere a gefen ciki kamar ganye. Na maƙale-dutse jela biyu, ƙumba biyu. A ƙirga ƙumba, domin wasu kwana-ɗaya ma jela biyu suke da ita.

7/ Inda nake so masu harshe su taimaka shi ne rarrabe 'yan gida ɗaya. A ƙasashen Afirka masu zafi, dangin da aka sani shi ne Neoperla, masu ƙananan idanu biyu a tsakar ka, ban da manyan idanun gefe. Kamarsu ta yi yawa har aka daɗe ana tara kusan duka a ƙarƙashin suna ɗaya, Neoperla spio. Launi ba ya raba gardama, girma ma haka. Sai da aka koma duban gaɓar haihuwar namiji, da ta mace, da zanen da ke jikin ɓawon ƙwai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sannan aka gane iri ne masu yawa. Ra'ayina a bar wa kowane iri sunansa na Latin, yadda ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zai fahimci takwaransa na Kamaru. Amma sassan da ake dubawa dole su sami Hausa, in ba haka ba yaro zai haddace suna bai san inda zai sa ido ba.

8/ Ƙananan idanun mun ce idon-goshi. Gaɓar haihuwa ta wadatar a aji ba tare da kunya ba. Ɓawon ƙwan ne ya rage: wani santsi, wani da ramuka ƙanana, wani da layuka daga kai zuwa gindi. Ni na karkata ga "tsaga", kamar ta fuska da ake gane asalin mutum da ita, ɗalibai kuma sun fi son "zanen ƙwarya". Masu sassaƙar ƙwarya da wanzamai da ke nan, wanne ya fi zama a bakinku? Ranar Litinin za mu rubuta shi a allo.