Depiten (ɗan majalisar Kamaru) da ya biya maka ordonans (takardar magani), ko wanda ya tsare minista da tambaya?

Kawu Direba, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, depiten da zai zaro kuɗi a aljihu ya biya maka ordonans ranar da yaronka ke kwance ya fi min wanda zai je Yawunde ya sha kwat ya miƙe yana yi wa minista tambaya da Faransanci a CRTV, talabijin ɗin gwamnati. Tun muna samari ake tambayar nan, minista ya karanto takarda, a tafa, kowa ya shige motarsa. Wanda ya ce ba haka ba ne ya nuna min asibiti ɗaya da tambaya ta gyara.

Malamin Lise, Marwa: Wa alaikumus salam Kawu. Da girmanka amma nan kam ban bi ka ba. Biyan ordonans sadaka ce, Allah ya ba shi lada, sai dai ba don ita aka zaɓe shi ba. Tsarin mulkin 1996 ya faɗa ƙarara, majalisa na sa wa gwamnati ido ta hanyar tambaya ta baki, tambaya a rubuce, da kafa kwamitin bincike. Sau uku suke zama a shekara, Maris, Yuni, Nuwamba, kuma a zaman Nuwamba ministan lafiya da kansa yake zuwa gaban kwamitin kuɗi ya kare kasafinsa. A wannan ɗakin ake yanke ko santar, wato ƙaramin asibitin ƙauyenku, zata samu ungozoma ko ba zata samu ba. In depitenka ya yi gum a can sannan ya dawo ya miƙo maka ambulan ɗin kuɗi, to kai aka cuta wlh.

Ɗalibi a Ngaundere: Malam a takarda haka ne, amma mu duba lissafi. Kujera 180 ce a majalisa, zaɓen 2020 jam'iyya mai mulki RDPC ta kwashe 152. In ana son kawo ƙudurin tsige gwamnati sai kashi ɗaya cikin uku sun sa hannu, wato mutum 60, kafin ma a zo ƙuri'a inda ake neman kashi biyu cikin uku. Duk na sauran jam'iyyu ka tara su 28 ne. Toh wane minista ne zai ji tsoro? Sanatoci kuwa 30 cikin 100 shugaban ƙasa ne ke naɗa su. Ni a nan ina bayan Kawu, ba don raina ya so ba.

Hajiya mai atamfa, Marwa: Ɗana kai da Kawun naka kun taɓa zuwa ƙofar gidan depite kuwa? Ni na raka wata maƙwabciyata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tun bayan asuba muka tarar da layi har waje, kowa riƙe da takardar asibiti a leda, ga wani yaro a bakin zaure shi ke zaɓen wanda zai shiga, in bai san fuskarka a taron jam'iyya ba sai yace Onorabul ya yi tafiya alhali ga motarsa nan muna gani. Da azahar aka fito aka ba ta abin da ko rabin maganin bai saya ba, kuɗin mashin ma ni na biya mana. To wadda ke can bayan Mokolo da ba ta san ko gidan ba fa, ita wa zai biya mata?

Kawu Direba, Garwa: Hajiya ai rabin magani ya fi babu.

Nas a Mayo-Danay: Ku bari in faɗi abin da nake gani da idona a wurin aiki. Shek sante tun 2015 aka fara shi a jihohinmu uku na arewa, mace mai ciki ta biya sefa 6,000, awo da haihuwa har tiyata in ta kama da kula da jariri zuwa kwana 42 duk suna ciki. Tsari ne mai kyau wallahi, ya ceci mata da yawa, matan da a da sai naƙuda ta gagara ake kawo su yanzu da ƙafarsu suke zuwa awo. Amma mu ne muke fara yin aikin sannan a biyo mu da kuɗin, in kuɗin ya makale wata da watanni sai parmasi ta bushe. Mace ta zo cikin dare tana zubar da jini, ta miƙo min shek ɗinta, ni kuma in ɗauki biro in rubuta wa mijin ya je waje ya sayo safar hannu da ruwan ƙari da allura. Kallon ɓarauniya yake min, yace ba mun biya 6,000 ba? Kuma gaskiyarsa ne. Kawu ka gaya min, depite nawa ne zasu bi matan nan ɗaya bayan ɗaya da ambulan? Abin da nake so mutum ɗaya ya tashi a majalisa yace ranka ya daɗe minista, nawa asibitocin arewa ke bin bashin shek sante, yaushe za a biya, a faɗi rana. Ko ƙarya ya yi ta shiga rajista, zama na gaba a karanto masa ita.

Ɗalibi a Ngaundere: Anti Allah ya saka. Amma ki tuna kuɗin korona. Asusun biliyan 180 aka ware a 2020, wa ya tono yadda aka kashe? Sashen binciken kuɗi na kotun ƙoli ne ya fitar da rahoto a 2021, shi ma don IMF ta matsa kafin ta ƙara bada rance. Ba majalisa ba.

Malamin Lise, Marwa: Yawwa, ka kawo min hujjata da kanka. An dafa an kawo musu har gabansu, saura kawai su kafa kwamiti su kira mutane ɗaya ɗaya. Me ya hana? Don sun san in sun dawo gida ba wanda zai tare su da zancen rahoto, zancen buhun shinkafa da siminti na masallaci za mu yi musu. Kuma ku daina cewa arewa bata da murya. Cavaye Yeguie Djibril ɗan Mayo-Sava ne, ya hau kujerar shugaban majalisa a 1992 ya haura shekara 30 a kanta. Manaouda Malachie da aka ba ma'aikatar lafiya a 2019 shi ma ɗan Arewa Mai Nisa ne. Mutane muna da su a sama, matsi daga ƙasa ne babu. A Abuja a 2001 ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, namu ko rabi bai kai ba, shi ya sa kusan kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita. Kuma kasafin nan duk shekara hannun depitocinmu ake ɗagawa ya wuce.

Ɗan Kusuri: Mu nan gadar Ngeli kawai ke tsakaninmu da Njamena, can ma sun yi zaɓe ƙarshen 2024, kujera 188, jam'iyya mai mulki MPS ta ɗauki 124. Ƴan uwanmu na can irin wannan gardamar suke yi a majalisar shayi, har na ɗauka ku ne.

Kawu Direba, Garwa: Malam to wankin ƙoda fa? Da CSU, tsarin kula da lafiyar kowa da kowa, ta zo a Afrilun 2023 aka mayar da shi 15,000 a shekara maimakon 5,000 duk zama ɗaya. Wane depite ne ya yi wannan? Daga sama aka ga dama aka yi.

Nas a Mayo-Danay: An yi kuma mun gode Kawu. Amma abin da aka bayar don an ga dama, wa zai bi sawu ya ga inji na aiki, kayan wankin sun iso, mai jinya daga Yagwa na iya kai kansa inda injin yake sau biyu a sati? In ba wanda ke tambaya ranar da ya tsaya shiru za ka ji.

Hajiya mai atamfa, Marwa: Ni dai surutu ya isa. Matan kasuwa da suka sayi shek kuma aka sake rubuta musu magani suna da yawa, zan bi su in karɓi rasit da ordonans ɗin, ɗana kai ka iya Faransanci ka rubuta mana tambayar a takarda ɗaya, gajera, mu kai wa depite kafin zaman Nuwamba, mu je mu da yawa yadda yaron zauren nan ba zai ce ya yi tafiya ba.

Ɗalibi a Ngaundere: Zan rubuta Hajiya in sha Allah, amma fa ɗan jam'iyya mai mulki ne, sai shugaban rukuninsu ya yarda zai buɗe baki. Anti za ki sa hannu?

Nas a Mayo-Danay: Ni ma'aikaciyar gwamnati ce ƙanena, in sunana ya fito a takardar nan wata mai zuwa za ka ji an cilla ni wani ƙauye a bakin iyaka. Zan gaya muku abin da za ku tambaya, hannu kam sai dai su Hajiya. Kawu kai da ba mai yi maka canjin wurin aiki, za ka sa?

Kawu Direba, Garwa: Ku fara rubutawa in ji abin da ke ciki tukuna.