Sa rana a ƙauye, aji a Ingila: ku da kuka yi, yaya kuka yi?

Malami a Ingila, ɗan ƙasar Ɗambatta

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Ina koyarwa a wata jami'a a arewacin Ingila, wadda zan aura kuma 'yar ƙauyen da ke kusa da namu ce. An kai gaisuwa, an yi baiko, saura sa rana. Baffanninta sun ce kafin azumi suke so. Azumin 2026 kuwa bayan tsakiyar Fabrairu zai kama, ke nan biki farkon Fabrairu. A nan ba lokacin da ya fi wannan matsi: an gama jarrabawar Janairu, takardu jibge ana jiran maki, ga sabon zango ya fara. Na ce a bari sai Yuli da muke dogon hutu, Baffana ya yi dariya a waya ya ce wa zai bar gonarsa ya zo mini biki. Disamba kuma ta yi kusa, ko akwati ɗaya na lefe ba a haɗa ba. Yaya kuka yi?

Ɗan Bichi da ya koyar a Malesiya

Wa'alaikumus salam Dakta. Ka raba ɗaurin aure da biki, shi ke nan ka huta. Abin da ɗaurin aure ke buƙata waliyyi ne, da shaidu biyu, da sadaki, da siga. Ko kana gari ma ai ba kai ke buɗe baki ba, wakilinka ne zai nema a ba shi, kai kana can baya cikin abokai kana sunkuyar da kai.

Nawa haka aka yi. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, saboda haka da aka sauko daga Juma'a aka zauna wajen biyu da rabi, ni a wurina tara da rabi na dare ne. Ƙanena ya riƙe waya a gefen tabarma. Layin yana yankewa, ban ji huɗubar liman ba, ban ji Kawu yana karɓa ba. Muryar sanƙira ce kawai ta ratso, yana faɗin sunana da nata da adadin sadaki, lakadan ba ajalan ba. Ina zaune kan kujerar ofis da jan biro a hannu na zama mai iyali. Abokan aikina biyu, ɗan Yaman da ɗan Indonesiya, suka ce sai na saya musu shayi.

Sai dai kar tazarar ta yi tsawo. Yarinya da igiyar aure a kanta tana zaune gidan ubanta wata da watanni, ka san bakin mutanenmu. Ranar da aka ɗaura, a ce an riga an san watan tarewa.

Tsohon hedimasta, Gumel

Ɗana, dariyar Baffanka ba ta raini ba ce. Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, magidanci yana gona tun hantsi, wasu hanyoyin ƙauye ma mota ba ta shiga. Uban yarinya kuma da abin da ya noma zai fita kunya. Sai kaka ta yi, ya sayar da gyaɗa ko riɗi ko wake, sannan a yi gado da katifa da garar da za a kai maka. Idan ka ce Yuli, ka ce masa ya aurar da 'yarsa hannu biyu babu komai, shi kuwa ba zai faɗa maka haka da bakinsa ba.

Wakilci halal ne, ni kaina na karɓa wa yara da yawa aure. Amma in ja kunnenka a kan abu biyu. Kar ka ɗauki waya ka kira surukinka kuna ciniki a kan rana, wannan zancen manya ne, ka faɗa wa Baffanka uzurinka shi ya san yadda zai jera shi. Na biyu, ranar da ka sauka, kafin ka huta, ka sa babbar riga ka je ka durƙusa ka gaishe su gida gida, har kakar yarinyar da ƙannen uwarta. Tsaraba ko turare ce da sabulu ta isa, ganin fuskarka suke so.

Idan akwai yanka, a tura wanda ya san dabba Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a in ta fi muku kusa. Kar a ce masa na ɗan Ingila ne.

Yayar ango, Kiru

Baba Hedimasta ya faɗi gaskiya, wannan kalma ta "ɗan waje" ita ce ta fi ba ni wuya. Ni ce na haɗa lefen ƙanena yana Amurka yana koyarwa, bari in faɗa muku abin da ku mazan ba ku gani.

Da farko shi ya ce zai sayo komai daga can. Ya aiko hoton wasu takalma masu tsini da jakunkuna, ya ce masu tsada ne. Na ce masa Malam, ranar da aka buɗe akwati a tsakar gida, goggonnin amarya turame za su ƙirga. Atamfa nawa, leshi nawa, shadda nawa, mayafi nawa, akwai sarƙa da ɗan kunne ko babu. Ba wadda za ta juya takalmi ta karanta sunan kamfani. Muka daidaita, shi ya kawo agogo da turare da jaka biyu masu kyau, ni na shiga Kantin Kwari na yi sauran. Haka ma ya fi masa, don akwati biyu masu kilo 23 da jirgi ke bari ba za su ɗauki lefen Bahaushiya ba.

Wahalar ita ce waya. Shi sai ya fito daga aji zai kira, mu nan an yi isha an kwanta. Sai ya ce in tashi in kunna fitila in nuna masa leshin da na sayo. Da rana kuma ina tsakiyar Kwari mai shago na jira, shi yana barci ko yana gaban ɗalibai. Daga baya na ce masa ko ka yarda da idona ko ka nemi wata. Ya yarda.

Sai kuɗi. Lokacin ne aka saki naira, a watan Yunin 2023. Dala da take wajen 460 a farashin gwamnati, a cikin Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Dangi suka riƙa lissafa masa albashi da sabon canji, kowa na cewa ai yanzu ya ninka, ba mai lissafa cewa turmin da na taya wannan makon, mako mai zuwa ya ƙara kuɗi. Ga shi yana tura wa wannan, yana tura wa wancan, Kawu na fenti, ƙanin Baba na rumfa, abokinsa na kati, ƙarshe ba wanda ya san nawa aka kashe. Dakta, ka zaɓi mutum ɗaya mai tsoron Allah, mace ta fi a harkar lefe, ka tura mata a dunƙule, ta sayi kayan da wuri ta kulle a ɗaki, ta riƙa rubutawa a littafi. Kuma idan an gama ka tuna da ita, don ƙafarta ce ta kumbura.

Ɗan Bichi da ya koyar a Malesiya

Hajiya, wannan jimlar ta ƙarshe kamar da ni kike. Allah ya saka wa yayyenmu mata da alheri.

Malama a Oman, 'yar Auyo

Ni ta ɗaya gefen zan yi magana, don ni ce amaryar kuma ni ce a waje. Mun yi a hutun da ke tsakanin zango biyu, ƙarshen Janairun 2023, mijina yana aiki a Dutse.

Abin da ya fi tsaya mini kayan ɗaki ne. Na ce wa Inna me za a yi da gado da kujeru da jeren kwanuka alhali ina gama biki zan koma? A ba ni kuɗin in ajiye, ko ma a bar shi. Ta yi shiru a waya, can ta ce, "To in 'yan kai amarya sun shiga ɗakin, bango za su kalla?" Daga nan ban ƙara ba. Na gane jeren ba nawa ba ne, nata ne. Ta yi shekaru tana zuba biki a gidajen mutane, tana kai gudummawa, tana adashe, ranar ce za a mayar mata, kuma ranar ce za a ga abin da ta tara wa 'yarta.

Matsalar ita ce ambaliyar 2022 ta cinye shinkafar Baba kaf, kamar yadda ta yi wa mutane da yawa a yankin Haɗeja. Na san ba shi da shi, na kuma san ba zai karɓa daga hannuna ba. Sai na tura wa Kawuna, ƙanin Inna, shi ya je wurin kafinta ya biya, ya zo ya ce wa Baba gudummawar dangin uwa ce. Har yau ban sani ba ko Baba ya gane. Bai tambaya ba.

Sai kuma muka faɗa cikin canjin kuɗi. Tsoffin takardu mutane na gudunsu, sababbi babu, masu POS sun tsawwala. Ina da kuɗi a banki amma ba ni da na ba mai lalle, ba na tukwicin 'yan kawo lefe, ba na masu kiɗan ƙwarya. Wani mai shagon hatsi a garinmu ne ya cece mu, muka tura masa ta waya ya ba mu abin da ya tara a ranar kasuwa. Ko yanzu da abin ya wuce, biki a ƙauye tsabar kuɗi yake ci, ƙanana ƙanana, a tanade su tun da sauran mako.

A lura da hazo kuma. Disamba da Janairu jirgi kan kasa sauka Kano saboda ƙura, kar mutum ya sayi tikitin da zai sauke shi ana gobe kamu. Ni da na koma, da lallena har gwiwar hannu na shiga aji. Can ma al'adarsu ce, ɗalibaina mata suka kewaye ni suna tambayar me ya sa namu ya fi nasu baƙi.

Wanda ya kai iyalinsa Ingila, ɗan Gwarzo

Kowa ya yi zancen biki, ni takardu zan yi, don su ke raba ango da amarya bayan an watse.

Tunda a jihar Kano za a ɗaura, tun 2024 akwai dokar gwaji kafin aure, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa mata hannu. Ana gwada ƙanjamau, da ciwon hanta, da rukunin jini saboda sikila, da sauransu. Idan da wakili za a ɗaura, a tambayi limamin tun yanzu ko zai karɓi sakamakon asibitin can. Na sikila kuwa da ma kafin baiko ya kamata, idan ba ku yi ba ku yi gobe.

Sannan a ɗauko takardunta duka a shimfiɗa: ta haihuwa, ta makaranta, NIN. Yaran ƙauye da yawa sunan uba ne a wata takardar, sunan kaka ko na gari a wata, ranar haihuwa ma ta bambanta. Fasfo da NIN yake tafiya, gyaran kuma yana cin lokaci. Yadda sunan yake a fasfo, haka za a rubuta shi a takardar shaidar aure, harafi da harafi. Tawa matar harafi ɗaya ne ya bambanta, sai da muka koma kotu aka yi rantsuwa.

Bizar iyali ta Ingila tana buƙatar gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, mu Abuja muka je. Akwai kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya tun kafin a ba da bizar, fam 1,035 kan kowace shekara ga babban mutum tun Fabrairun 2024. Ka ninka da shekarun bizarka, ka ware shi gefe kafin lefe ya haɗiye. Ku ajiye hotunan biki da na ɗaurin aure, da tarihin hirarku ta WhatsApp, suna iya neman shaidar cewa auren na gaske ne. Amfanin shawarar ɗan Bichi ke nan: an ɗaura da wuri, takardar aure ta fito da wuri, ana shirin biki ana bin biza.

Yayar ango, Kiru

Kuma a tambayi yarinyar. Duk mun yi magana ba wanda ya ce me take so. Wata ba ta son a ɗaura ango ba ya nan, ƙawaye za su yi ta tsokanarta ta auri waya.

Malami a Ingila, ɗan ƙasar Ɗambatta

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya, na tambaye ta jiya. Ta ce ɗaurin auren ba ta damu ba tunda ba wurin mata ba ne, amma ranar kai amarya ba za ta shiga ɗakin da ba ango ba.

Na duba kalanda. Ƙaramar sallah za ta kama wajen 20 ga Maris, hutun Ista na jami'armu kuma daga ƙarshen Maris ne zuwa cikin Afrilu. Na faɗa wa Baffa, ya je da goro ya same su. Sun yarda a ɗaura a Sha'aban da wakili, biki da tarewa bayan sallah. Baffanta ɗaya ya ce zafin bazara zai kashe mutane, aka ce a yi rumfa biyu a sayo ƙanƙara daga Ɗambatta. Na rubuta wa shugaban sashenmu neman hutu, lefe kuma na danƙa wa Yaya Babba. Ɗan Gwarzo, zan neme ka a gefe, don mun duba takardun nata, shekarar haihuwar da ke NIN ba ita ce a takardar sakandare ba.