Shin allurar tazarar haihuwa tana hana mace haihuwa har abada?

Mai goyo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina goyon yaro ɗan wata bakwai, kuma ni da maigidana mun yanke shawarar ba da tazara kafin ciki na gaba, domin na sha wahala a wannan haihuwar. Sai dai maganganu sun yi mini yawa. Wasu sun ce muddin ina shayarwa ba zan ɗauki ciki ba, wasu kuma sun ce idan na yi allura jini zai taru a marata, daga ƙarshe in daina haihuwa gaba ɗaya. Ina roƙon masu sani su fayyace mini.

Ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Abin da ya fi damuna shi ne maganar shayarwa, domin ita ce ke jefa mata da yawa cikin kwanika. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu a lokaci guda: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗanki ya riga ya wuce wata shida, saboda haka wannan kariyar ta ƙare. Kada kuma ki jira ganin jini, domin ƙwai yana fita kimanin mako biyu kafin al'ada ta zo, wato mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga wanki ko sau ɗaya ba.

Game da allurar wata uku, babu jinin da yake taruwa. Sinadarin da ke cikinta yana hana ƙwai fita, yana kuma sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, to idan shimfiɗar ba ta yi kauri ba, babu abin da zai zubo. Ba ta kashe mahaifa, amma tana da jinkiri na gaskiya wanda ya kamata a gaya wa kowace mace tun kafin a yi mata: yawanci ciki yakan samu ne kimanin wata goma bayan allurar ƙarshe, wasu ma har su haura shekara. A ganina wannan jinkirin da ba a bayyana wa mata ne ya haifar da jita-jitar. Ashanar hannu (ɗan siririn abin da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse) da robar da ake sawa a cikin mahaifa ba su da wannan matsala, da zarar an cire su haihuwa takan dawo ba tare da ɓata lokaci ba.

Mai harhaɗa magunguna:
Na goyi bayan Malama, kuma zan ƙara da batun ƙwaya. Ƙwayar da ake sha kullum ba ta taruwa a ciki, jiki yana fitar da ita cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa mantuwa take kawo ciki. A cikin mata 100 da ke shan ta yadda aka saba, da mantuwa da komai, kusan bakwai sukan yi ciki a shekara, alhali a masu ashana ko robar mahaifa bai kai ɗaya ba. Ƙwaya mai haɗin sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai shan taba da ta wuce shekara 35, saboda haɗarin daskarewar jini a jijiya, don haka dole a auna mace kafin a ba ta. Ƙwayar gaggawa kuwa ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Jinkirta fitar ƙwai take yi, kuma ta fi aiki idan an sha ta cikin awa 72 bayan saduwa.

Magidanci:
Ina jan hankalin 'yan'uwana maza, domin nauyin bai kamata ya tsaya kan mata kaɗai ba. Da yawa daga cikinmu sun dogara da azalu, wato zubar da maniyyi a waje, suna ganin ya wadatar, alhali kusan mata 20 cikin 100 sukan yi ciki a shekara ta wannan hanya. Haka nan wanke gaba ko yin fitsari bayan saduwa ba ya hana komai, kuma maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana biyar. 'Yar'uwa, ki tafi asibiti tare da maigidanki ya ji bayanin da kunnensa.

Mai goyo:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya, ko ashana za ta rage mini ruwan nono, kuma tazarar nawa ta dace?

Ma'aikaciyar jinya:
Ba za ta rage ba, ƙanwata, ashana da allura da robar mahaifa duk sun dace da mai shayarwa. Abin da za ki iya gani shi ne canjin al'ada, ko ɗigon jini jefi-jefi, ko ɗaukewarta, musamman a watannin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Idan kun yi saduwa ba tare da kariya ba a 'yan makonnin nan, ki sanar da ma'aikaciyar da za ta duba ki domin a fara yi miki gwajin ciki.